Kwaɗon Ruwa da Kwaɗon Tudu: Tarihin Rabe-raben Kwaɗi Tsakanin Malaman Fiƙihu da Masana Dabbobi, Tare da Waiwaye a Ƙasar Ɗambatta

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda malaman Musulunci suka rarraba kwaɗi tun daga ƙarni na biyu na Hijira, da yadda wannan rabo ya iso ƙasar Hausa ta hanyar littattafan Malikiyya, sannan ta kwatanta shi da rabon da masana dabbobi suka tsayar daga ƙarni na 18 na Miladiyya zuwa yau. An ɗauki ƙasar Ɗambatta a matsayin wurin misali, domin a can rijiya da kududdufi da gonar rani suna kusa da juna, kuma tambaya a kan kwaɗo tana tasowa kowace damina. Maƙalar ta gano cewa raba kwaɗo zuwa na ruwa da na tudu da fuƙaha'u suka yi ya ginu a kan lura ta haƙiƙa, kuma hukunce-hukuncen tsarki da ci da magani sun rataya ne a kan siffar dabbar. Saboda haka sanin wane kwaɗo ake tambaya a kansa yana gaban ba da amsa.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗambatta tana arewacin birnin Kano, a kan hanyar Kazaure da Daura, kuma ita ce mazaunin Sarkin Bai na Kano. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake, ƙauyukanta a matse, kusan kowace unguwa da rijiyarta da kuma kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tomas a shekarun 1970, noman rani ya ƙara yawan wuraren da ruwa ke kwanciya. Da zarar ruwan farko ya sauka, kukan kwaɗi yakan cika dare, da safe kuma a tarar da su a gindin randa, a makwarara, a bakin rijiya, wani lokaci a cikinta.

A nan ne mas'ala take tasowa. Mutum ya jefa guga da asuba ya jawo mataccen kwaɗo: zai yi alwala da ruwan, ko sai an ɗebe wani abu daga rijiyar? Yaro ya kamo babban kwaɗo a fadama: ya halatta a ci, ko a sayar wa mai ci? Mai maganin gargajiya ya nemi a kawo masa kwaɗo: ya halatta a kashe shi don haka? Malamin da aka tambaya a zaure yakan amsa daga abin da ya karanta a Risala ko Mukhtasar, amma littattafan sun yi magana ne a kan kwaɗo iri biyu, shi kuwa mai tambaya kalma ɗaya ya zo da ita.

2.0 Sunan Kwaɗo a Hausa da Larabci

Bahaushe yana kiran wannan dabba kwaɗo, jam'i kwaɗi, ko ta fito daga tafki ko daga ƙarƙashin turmi. Yana da suna na daban ga babban kwaɗon ruwa da wasu ke ci, wato burduddugi, wasu su ce bududdugi, yana kuma kiran ɗan kwaɗo mai wutsiya da ke iyo a kududdufi talibambam. Ke nan harshen ya bambanta matakin rayuwa, ya kuma ware wanda ake ci, amma ya bar wa kwaɗon tudu sunan gama-gari.

Haka abin yake a tsohon Larabci. Kalmar difda'u ta haɗa duka biyun. Kalmar uljumu, wadda littattafan kimiyya na Larabci suke amfani da ita yanzu ga kwaɗon tudu, Ibnu Manzur (ya rasu 711H/1311M) ya fassara ta a Lisanul Arab da kwaɗo gaba ɗaya, ko namijinsa. Ita kuwa kalmar barma'i, wadda ake kiran dabbobin ruwa-da-tudu da ita, ƙirƙira ce ta zamani, an haɗa ta daga barru da ma'u. Wannan ya sa malaman farko, idan suna son bambancewa, sai su ƙara siffa: difda'u bahri ko ma'i a gefe guda, difda'u barri ko turabi a ɗaya gefen.

3.0 Kwaɗo a Nassi da Maganganun Magabata

An ambaci kwaɗi sau ɗaya a Alƙur'ani, a aya ta 133 ta Suratul A'araf, cikin ayoyin da aka saukar wa mutanen Fir'auna tare da ambaliya da fara da ƙwarƙwata da jini. Ayar ba ta zo da hukuncin ci ko tsarki ba. Nassoshin da hukunci ya ginu a kansu guda uku ne. Na farko aya ta 96 ta Suratul Ma'ida, wadda ta halatta farautar teku da abincinsa. Na biyu hadisin Abu Huraira (RA) da Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, wanda ya tabbatar da tsarkin ruwan teku da halaccin mushensa. Na uku hadisin Abdurrahman bin Usman at-Taimi (RA) da Ahmad da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito, cewa wani likita ya tambayi Annabi (SAW) game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana shi kashe shi.

Nassoshi biyu na farko suna buɗe ƙofa, na ukun yana taƙaita ta, kuma tun zamanin tabi'ai fahimta ta rabu. Bukhari ya kawo a babin yanka da farauta, ba tare da isnadi ba, cewa Sha'abi ya ce da iyalinsa suna cin kwaɗi da ya ciyar da su. Baihaƙi kuma ya ruwaito daga Abdullahi bin Amr (RA), a matsayin maganarsa, hani ga kashe kwaɗi domin kukansu tasbihi ne.

4.0 Rabon Malaman Fiƙihu

Mazhabobi huɗu sun kasu a kan ci. Hanafiyya ba su halatta komai daga dabbobin ruwa ba sai kifi, don haka kwaɗo ya fita tun daga tushe. Shafi'iyya sun haramta shi: Nawawi (ya rasu 676H/1277M) ya sa shi a Minhaj cikin masu rayuwa a ruwa da tudu, tare da ƙaguwa da maciji. Hambaliyya sun halatta dabbobin ruwa amma suka toge kwaɗo da kada da maciji. Hujjar Shafi'iyya da Hambaliyya a kan kwaɗo ita ce hadisin likita, bisa ƙa'idar cewa abin da aka hana kashewa ba a cinsa, tunda ba a kai wa ga ci sai ta hanyar kisa.

Malikiyya su ne suka fi faɗaɗawa. A Mudawwana ta Sahnun (ya rasu 240H/854M), Ibnul Ƙasim ya kawo daga Malik cewa babu laifi a ci kwaɗi ko da sun mutu da kansu, domin suna cikin farautar ruwa. Sai dai almajiran Malik sun lura cewa akwai dabbobin da ake jingina wa ruwa alhali suna daɗewa a tudu. Ibnu Nafi'u ya tafi a kan cewa mushen irin waɗannan najasa ne. Baji (ya rasu 474H/1081M) kuma ya kawo a Muntaƙa wata ruwaya daga Ibnul Ƙasim wadda ta sa ma'auni a kan mazauni: abin da matattararsa ruwa ce ana cinsa ba yanka ko da yana kiwo a tudu, abin da matattararsa tudu ce kuwa sai da yanka ko da yana shiga ruwa.

Da Khalil bin Ishaƙ (ya rasu 776H/1374M) ya zo tsara mashhurin mazhaba a Mukhtasar, sai ya ƙidaya mushen dabbar ruwa cikin abubuwa masu tsarki, ko da rayuwarta a tudu ta yi tsawo. Dardir (ya rasu 1201H/1786M) ya ba da misali da kada da kwaɗo da kififiya, Dasuƙi (ya rasu 1230H/1815M) kuma ya bayyana cewa Khalil yana mayar da martani ne ga ra'ayin Ibnu Nafi'u. Duk da haka masu sharhi ba su bar maganar a sake ba. Sun ware kwaɗon tudu, suka ce mushensa najasa ne, kuma a babin aikin Hajji Dardir ya sa kwaɗon tudu da kunkuru cikin dabbobin tudu da aka hana mai harami farautarsu.

Wannan rabo yana da sakamako kai tsaye a kan rijiya. Khalil ya ce idan dabbar tudu mai jini mai gudana ta mutu a cikin ruwa mai kwanciya, ruwan bai canja ba, an so a ɗebe daga gare shi gwargwadon girman dabbar da yawan ruwan. Idan kuwa ta faɗa ne bayan ta riga ta mutu, ba a nemi ɗiban ba. Idan launi ko ɗanɗano ko ƙanshin ruwan ya canja saboda mushe mai najasa, ruwan ya zama najasa. In kuwa abin da ya canja shi mai tsarki ne, to bisa ƙa'idar mazhaba ruwan yana da tsarki a kansa, sai dai ba a alwala ko wanka na ibada da shi. Mai guga a Ɗambatta, ke nan, yana iya samun amsa biyu mabambanta, gwargwadon kwaɗon da ya jawo.

To, da me ake gane na ruwa daga na tudu? Malaman Hanafiyya su ne suka fi zurfafa a nan, domin ko da yake ba sa cin kwaɗo, suna buƙatar sanin hukuncin ruwan da ya mutu a ciki. Margiinani (ya rasu 593H/1197M) ya bayyana a Hidaya cewa dabbar ruwa ita ce wadda haihuwarta da mazauninta duka suke cikin ruwa, don haka agwagwa ba ta shiga ba. Haskafi (ya rasu 1088H/1677M) kuma ya kawo alamar da ido ke gani a Durrul Mukhtar: kwaɗon tudu shi ne wanda ba shi da fata tsakanin yatsunsa, kuma idan yana da jini mai gudana mutuwarsa tana ɓata ruwa kaɗan. Wannan alama, kamar yadda za a gani, tana kusa da abin da masana dabbobi suka dogara da shi daga baya.

5.0 Rabon Masana Dabbobi da Likitoci Musulmi

Fuƙaha'u ba su kaɗai ne suka yi magana a kan kwaɗo ba. Jahiz na Basra (ya rasu 255H/869M), wanda ya karanta fassarar Larabci ta littafin Arisɗo a kan dabbobi kuma ya sha yi masa gyara, ya kasa dabbobi kashi huɗu a Kitabul Hayawan bisa yadda suke motsi: masu tafiya, masu tashi, masu iyo, da masu jan ciki. Wannan tsari yana da kusanci da aya ta 45 ta Suratun Nur, wadda ta ambaci halittar dabbobi daga ruwa da bambancin tafiyarsu. Jahiz ya yi gargaɗi cewa ba duk mai iyo ne kifi ba, ya lissafa kwaɗo da ƙaguwa da kada da kififiya a matsayin shaida.

Damiri na Alƙahira (ya rasu 808H/1405M) ya tattara abin da aka sani a zamaninsa a Hayatul Hayawanil Kubra. Bayaninsa a kan farkon rayuwar kwaɗo daidai yake da abin da kowane yaro zai gani a kududdufi: ƙwai baƙaƙe ƙanana kamar ƙwayar gero, daga nan talibambam, sannan gaɓoɓi su tsiro. Amma ya kuma kawo abubuwa biyu da bincike ya rushe. Ya ce kwaɗo ba shi da ƙashi, ya kuma ce wasu kwaɗi suna samuwa ba tare da namiji da mace ba, daga ruwa mai kwanciya da ruɓa da bayan ruwan sama mai ƙarfi, har mutane su zaci daga girgije suke faɗowa. Wannan zato bai ɓace ba: har yau akan ji yara a karkara suna cewa ruwan sama ne ya zubo da kwaɗi.

Likitoci sun dubi abin ta fuskar cutarwa. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751H/1350M), a sashen magunguna na Zadul Ma'ad, ya kawo maganar Imam Ahmad cewa bai halatta a sa kwaɗo a magani ba saboda hadisin likita, ya kawo bayanin Ibnu Sina (ya rasu 428H/1037M) a Ƙanun cewa cinsa yana kumbura jiki yana canja launin fata har ya kai ga halaka, sannan ya ce kwaɗi iri biyu ne, na ruwa da na turɓaya, kuma na turɓayar yana kashe wanda ya ci shi. A wannan taƙaitaccen bayani rabon likita ya haɗu da rabon faƙihi.

6.0 Isowar Mas'alar Ƙasar Hausa

Ta hanyar littattafan Malikiyya ne wannan rabo ya shigo ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya danganta zuwan Wangarawa da zamanin Sarki Yaji (1349–1385), littafin Asalin Wangarawa kuma ya nuna ana karantar da Mudawwana da Mukhtasar a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). A Katsina, alƙali Aida Ahmad at-Tazakhti, wanda ya rasu wajen 936H/1529M, ya yi ta'aliƙi a kan Mukhtasar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karanci littafin a wurin baffansa Usman Binduri, kamar yadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ambata a Ida'un Nusukh.

Daga nan tsarin karatun zaure ya daidaita kamar yadda aka san shi: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, sannan Mukhtasar. Ɗalibi yana haɗuwa da babin ruwa tun a littattafan farko, amma ba ya isa ga tafsilin dabbar ruwa da ta tudu sai ya kai Mukhtasar da sharhohinsa. A wajen fassara baki da baki kuwa, difda'u takan koma kwaɗo kawai. Idan malami bai tsaya a kan siffar bahri ko barri ba, ɗalibi yakan tashi da jimla ɗaya, cewa kwaɗo halal ne a wurin Malik, alhali masu sharhin mazhabar sun yi togiya.

Abin lura kuma shi ne halaccin da ke cikin littafi bai sa yawancin Hausawa sun ci kwaɗo ba. Al'ada ta ƙyamace shi, sai burduddugi da wasu mutanen fadama ke ci. Wannan ba saɓani ba ne, domin halal ba wajibi ba ne, kuma Annabi (SAW) da kansa ya bar cin damo saboda ba abincin ƙasar mutanensa ba ne, aka kuma ci a gabansa bai hana ba, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim.

7.0 Rabon Masana na Turai

Masana na Turai ma sun daɗe suna laluben wurin da za su ajiye kwaɗo. Linnaeus, mutumin Suwidin, a bugu na goma na littafinsa na tsarin halittu a 1758, ya yi aji mai suna Amphibia, kalmar Girkanci mai nufin rayuwa biyu. Amma a cikin ajin ya haɗa kwaɗi da kunkuru da ƙadangaru da macizai, har da wasu manyan kifayen teku. Wanda ya karanta misalan Dardir, wato kada da kwaɗo da kififiya a layi ɗaya, zai ga cewa a ƙarni guda suka rayu kuma kusan kallo ɗaya suka yi wa waɗannan dabbobi. Linnaeus bai ware kwaɗon tudu ba, ya sa shi cikin jinsin Rana tare da na ruwa.

A 1768 likitan Biyana, Laurenti, ya jera kwaɗon tudu a jinsi na dabam mai suna Bufo. A 1780 Spallanzani na Italiya ya wallafa gwaje-gwajen da suka nuna ƙwan kwaɗo ba ya zama ɗa sai maniyyin namiji ya taɓa shi. A 1800 Brongniart na Faransa ya raba kwaɗi da danginsu daga ƙadangaru da macizai da kunkuru, a 1825 kuma Gray na Ingila ya sa wa dangin kwaɗin tudu suna Bufonidae, sunan da ake amfani da shi har yau.

Tsarin da aka tsaya a kansa yanzu ya kasa dabbobin ruwa-da-tudu, waɗanda nau'o'insu suka haura 8,000, zuwa rukuni uku. Akwai masu wutsiya, masu kama da ƙadangare a siffa, waɗanda babu su a Afirka ta kudu da Sahara. Akwai marasa ƙafa, masu kama da tana, da ake samu a dazuzzukan kurmi. Sai marasa wutsiya, wato kwaɗi, waɗanda suka haura nau'i 7,000. A cikin wannan rukuni na uku ne dangin Bufonidae yake, da nau'i sama da 600. Ke nan a wurin masana kwaɗon tudu reshe ne a cikin kwaɗi, kuma ta wannan fuska Bahaushe da Balarabe ba su yi kuskure ba da suka ba su suna ɗaya.

Alamomin wannan dangi a fili suke. Fatarsa busasshiya ce mai kaushi da ƙuraje. Ƙafafunsa na baya gajeru ne, tsallensa ba nisa, fatar da ke tsakanin yatsunsa kaɗan ce idan an kwatanta da na ruwa. Ba shi da haƙori. Yana zuba ƙwai a jere kamar zaren carbi, na ruwa kuwa a dunƙule ko a warwatse. Mafi muhimmanci, yana da kumburi biyu a bayan idanu da ke fitar da farin ruwa mai dafi, wanda yake rikita bugun zuciya idan ya shiga ciki. Wannan dafi shi ne bayanin abin da Ibnul Ƙayyim ya faɗa a kan kwaɗon turɓaya.

Rabon bai tsaya cak ba. A 2006 wani babban bincike da ya dogara da ƙwayoyin gado ya tarwatsa jinsin Bufo, aka mayar da yawancin kwaɗin tudu na Afirka jinsin Amietophrynus, a 2016 kuma aka sauya sunan zuwa Sclerophrys saboda an gano shi ya riga. Ɗalibin ilmin addini da ya saba jin cewa saɓani na malaman fiƙihu ne kawai zai amfana da sanin wannan.

8.0 Kwaɗin Ƙasar Ɗambatta a Kan Ma'aunan Biyu

Kwaɗon da aka fi gani a tsakar gida da gindin randa a ƙasar Kano shi ne wanda masana ke kira Sclerophrys regularis, tare da 'yan'uwansa na yankin Sahel. An fara siffanta shi a kimiyyance a 1833 daga samfurin da aka samo a Masar, domin ya bazu daga kwarin Nilu har zuwa Afirka ta Yamma. Watau dabbar da mai guga yake jawowa a Ɗambatta ita ce wadda Damiri da Dardir suke iya gani a gonakin ƙasarsu. Yana wuni a ɓoye a wuri mai laima, ya fito da dare ya ci tururuwa da gara da shinge da sauran ƙwari, ba ya komawa ruwa sai don haihuwa. Faɗawarsa rijiya haɗari ne ya same shi, can ba gidansa ba ne.

A ɗaya ɓangaren akwai babban kwaɗon tafki da fadama, Hoplobatrachus occipitalis, mai santsin fata, mai dogayen ƙafafu da cikakkiyar fata tsakanin yatsu, wanda ba ya nisa da ruwa. Shi ne siffar burduddugi ta fi dacewa da shi, kuma shi ne aka fi kamawa a busar a kai kasuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2010 a kan Najeriya da Benin da Burkina Faso ya nuna ana safarar miliyoyin busassun kwaɗi a shekara daga fadamun arewa zuwa kasuwannin kudu maso yammacin Najeriya, akasarinsu wannan nau'i.

Idan aka ɗora waɗannan biyu a kan ma'aunin mazauni da aka ruwaito daga Ibnul Ƙasim, ko a kan alamar yatsu ta Haskafi, sakamako ɗaya ake samu: na farko barri ne, na biyu bahri. Inda aka sami matsala shi ne ma'aunin haihuwa shi kaɗai. Kwaɗon tudu na wannan yanki ma a ruwa ake haifarsa, talibambam ɗinsa a kududdufi yake girma. Wanda ya riƙi haihuwa kawai zai mayar da duk kwaɗin ƙasar na ruwa, rabon masu sharhi ya zama ba shi da abin da zai faɗa kansa. Margiinani ya tsira daga wannan domin ya haɗa haihuwa da mazauni. Batun jini kuwa ya warware: kowane kwaɗo yana da zuciya da jini mai gudana, kamar yadda yake da ƙashi.

Akwai kuma nau'o'in da ke tsakani, waɗanda suke binne kansu a ƙasa tsawon rani su fito da ruwan farko. Fitowarsu a dare ɗaya, da kuma fitowar dubban ƙananan kwaɗi daga kududdufi bayan sun gama rikiɗa, ita ce asalin zaton cewa girgije ne ya zubo su. Irin waɗannan suna buƙatar malami ya duba da idonsa ko ya tambayi wanda ya sani, kuma a Ɗambatta akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da manoman fadama da suka san su ɗaya bayan ɗaya.

Saura hadisin hani ga kisa. Ko a wurin wanda bai ɗauke shi hujjar haramcin ci ba, kashe dabba ba don wata manufa ta shari'a ba abin hani ne. Kwaɗon tudu ba a cinsa saboda dafinsa, kuma yana rage wa manomi ƙwari, don haka babu uzuri ga jifansa da yara ke yi. A duniya baki ɗaya, ƙididdigar da aka fitar a 2023 ta nuna kusan kashi 41 cikin 100 na nau'o'in dabbobin ruwa-da-tudu suna fuskantar barazanar ƙarewa, kuma fatarsu mai shan ruwa tana sa maganin feshi da ke gangarawa fadama ya yi saurin illata su.

9.0 Kammalawa

Tarihin wannan mas'ala ya nuna cewa malaman fiƙihu sun gina hukunci a kan siffofin da suka lura da su, wato mazauni da jini da yatsu da cutarwa, kuma yawancin abin da suka lura da shi ya tsaya. Abin da ya faɗi shi ne abin da aka gada daga ilmin ɗabi'a na wancan zamani, kamar rashin ƙashi da samuwa daga ruɓa, kuma faɗuwarsa ba ta taɓa nassi ba. Shaɗibi (ya rasu 790H/1388M) ya bayyana a Muwafaƙat cewa ijtihadin tabbatar da mahallin hukunci, wato tahƙiƙul manaɗ, ba ya yankewa, kuma abin da yake buƙata shi ne sanin haƙiƙanin abin da ake hukunci a kansa, ko da daga likita ko mai sana'a aka samo sanin.

Bisa wannan, maƙalar tana ba da shawara ga masu karantar da Mukhtasar da sharhohinsa a ƙasar Hausa su riƙa fassara difda'u da siffarsa, kwaɗon ruwa ko kwaɗon tudu, su kuma nuna wa ɗalibai alamomin kowanne. Wanda aka kawo wa tambayar rijiya ya fara da tambayar yadda fatar kwaɗon take, da yatsunsa, da ko akwai kumburi a bayan idanunsa, da ko ruwan ya canja. Idan na tudu ne kuma a ciki ya mutu, ruwa bai canja ba, a ɗebe gwargwado bisa mustahabbi. Idan na ruwa ne, ruwa bai canja ba, a yi alwala babu komai. Allah ne Mafi sani.